Matar da ta riƙe tsibirin Wight shekara 31: sayarwa ta yi, ko ƙwacewa aka yi?

Zainabu_Tarihi
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana uku ke nan wani labari ya hana ni sakat, na ce bari in kawo shi nan.

A kudancin Ingila akwai tsibirin da ake kira Wight. Daga 1262 zuwa 1293 mace ce ke riƙe da shi, sunanta Isabela de Fortibus. An haife ta a 1237, 'yar gidan sarautar Devon ce, zuriyar Redvers. Tana da shekara 11 ko 12 aka aurar da ita ga William de Forz, mai ƙasa da yawa a arewacin Ingila. Ya rasu a 1260, ba ta cika shekara 23 ba. Bayan shekara biyu wanta Baldwin ya rasu bai bar magaji ba, sai gadon gidansu kacokan ya dawo hannunta, har da tsibirin. Ba ta sake aure ba har ta bar duniya.

Sarki Edwad na Ɗaya ya daɗe yana son tsibirin nan bai samu ba. A watan Nuwamba 1293 tana dawowa daga Canterbury ciwo ya kwantar da ita a Stockwell, kusa da Landan. Mutanen sarki suka zo, aka rubuta takarda, aka karanta mata tana kwance, aka buga hatiminta: ta sayar wa sarki tsibirin da wasu filaye a kan mak 6,000. Ranar 9 ga wata ke nan. Kafin gari ya waye ranar 10 ta cika.

To jama'a, wannan ciniki ne ko fin ƙarfi?

Abu_Hafsat
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba ya buƙatar dogon nazari. Abin da mutum ya hana ka yana da lafiya, ka zo ka karɓa yana gargara, sunansa ƙwace ko nawa ka biya.

DanLauya
Malam Abu Hafsat, a yi sannu. Akwai abin da Malama Zainabu ba ta kawo ba. A dokar Ingila ta wancan zamani ba a wasiyya da irin wannan ƙasa. Sai a 1540 aka yi dokar da ta ba da damar haka. In kana son ƙasarka ta tafi hannun wani ba magajinka ba, dole ka miƙa ta kana numfashi. Saboda haka daren nan shi ne dama ta ƙarshe ga sarki, kuma shi ne dama ta ƙarshe gare ta ita ma, in har tana da niyya.

Sannan wane ne magajin? 'Ya'yanta duk sun riga ta. Wanda zai gada wani yaro ne ɗan shekara 17, Hugh de Courtenay. Sai ka hau har kan kakan mahaifinta kafin ka ga inda jininsu ya haɗu. Ba abin mamaki ba ne tsohuwa ta ce: na ci moriyar abina har ƙarshe, yanzu a ba da kuɗin a biya min bashi a yi min sadaka, maimakon ya tafi gidan da ban shaƙu da su ba. Maganar cinikin ma ba a daren ta fara ba, tun 1276 ake yin ta.

Abu_Hafsat
Tun 1276 ake yi ba ta sayar ba. Shekara 17. Kai da kanka ka kawo min hujja.

Kanwar_Maza
Don Allah mak 6,000 nawa ne? Ni ban san ko an yi mata wulaƙancin farashi ba ne ko an biya da daraja.

Dattijon_Fagge
'Yata, wannan lissafin namu ne, mu da muka ci kasuwa da fam da sule kafin naira ta zo a 1973. Fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12. Shi mak ba tsaba ba ne da ake riƙewa a hannu, ma'aunin lissafi ne: sule 13 da kwabo 4, wato kashi biyu cikin uku na fam. Mak 6,000 ya zama fam 4,000 cif. In ka mai da shi kwabo, 960,000 ke nan, a zamanin da lebura ke wuni a gona a sallame shi da kwabo ɗaya ko biyu.

Zainabu_Tarihi
Na gode Baba. In ƙara a kai: abin da ke shigo mata a shekara daga dukkan ƙasashenta, tun a shekarun 1260, ya tashi daga wajen fam 1,500 zuwa 2,500. Wato kuɗin cinikin bai kai abin da take samu a shekara biyu ko uku ba. Amma a yi adalci, wancan lissafin ya haɗa da filayenta na Devon da na arewa, ba tsibirin kaɗai ba. Ni a ganina darajar tsibirin ba a hayar gona take ba, a wurin da yake zaune take.

Sani_Babur
Wannan ba shi ne tsibirin da ake tseren babura ba?

Bakano_a_Portsmouth
A'a ɗan'uwa, wancan tsibirin Man ne, yana tsakanin Ingila da Ayalan. Wight yana nan kudu, daga bakin ruwan garin da nake karatu ina hango shi. Ana furta sunan kamar "Wait".

Na je gidan nata, Carisbrooke, bara da bazara. Jirgin fito na shiga na tsallaka ruwan da suke kira Solent, na hau bas zuwa Newport, daga nan na taka zuwa kan tudu. Gida ne mai ganuwar dutse, kana iya hawa ka zagaye ta sama. Abin da ya tsaya min a rai wata taga ce a jikin ganuwar arewa, har yau da sunanta ake kiranta. An fafe kaurin bangon an yi wurin zama na dutse a gefe da gefe. A lokacinta da gilashi a jiki, kuma gilashin taga a ƙarni na 13 sai wane da wane. Na zauna a wurin na ɗan jima. Dutsen sanyi ƙalau ko da rana ta take. Ka leƙa ka ga gonaki kore shar har inda ido ya tsaya. Sai na riƙa tunanin mace tana zaune a nan ana kawo mata lissafin tumaki da na hatsi, ana kawo mata wasiƙar sarki, ana kawo mata labarin rasuwa.

Ta yi gine-gine sosai a gidan: ɗakinta, ɗakin ibada, madafa. Mutumin da ke shirin sayar da gida ba haka yake kashe masa kuɗi ba. Wannan dai ra'ayina ne.

Akwai kuma rijiya mai zurfin kusan mita 49, jaki ke shiga cikin wata ƙatuwar ƙafar katako yana takawa tana juyawa, guga na fitowa. Har yanzu suna ajiye jakuna suna nuna wa baƙi. Amma wannan ginin bayanta aka yi shi da daɗewa.

Maman_Ikilima
Ku kuna ta maganar tsibiri da fam, ni tun da na karanta "'ya'yanta duk sun riga ta" ban iya wucewa ba. Su nawa ne, Malama?

Zainabu_Tarihi
Shida ne, Hajiya. Maza huɗu, mata biyu. Biyar sun tafi tun suna yara. Wadda ta ɗan jima ita ce Abelin, an haife ta a 1259. A watan Afrilu 1269, tana da shekara 10, aka ɗaura mata aure da Edmund ɗan Sarki Henri na Uku, ƙanin Edwad, a cocin Westminster. Ta rasu a 1274 tana da shekara 15, ba ta bar ɗa ba. Kabarinta yana cikin cocin har yau. Abin da ya sa jikina ya yi sanyi: a Stockwell ta rasu, ranar 10 ga Nuwamba. Uwar ma a Stockwell, 10 ga Nuwamba, shekara 19 tsakani.

Maman_Ikilima
Allahu akbar. To ni bari in faɗa muku abin da na sani, ba a littafi na karanta ba.

Da maigidana ya rasu, kwana tara da yin rasuwar, ina cikin takaba, 'yan'uwansa biyu suka shigo da takarda. Suka zauna a bakin ƙofar ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ɗaga min harshe. Suka ce filin da ke bayan gari za a sayar a biya bashi, sa hannuna kawai ake jira. Aka karanta min. Wallahi na ji kowace kalma, kuma ba abin da ya shiga kaina. Ikilima tana kan cinyata tana zazzaɓi. Na karɓi biro na sa hannu don su tashi su ba ni wuri. In yau aka kira su za su rantse cewa an karanta min, ina cikin hankalina, ban yi musu ba. Kuma ba ƙarya suka yi ba.

Saboda haka Malam Lauya, "an karanta mata ta yarda" ba ya gamsar da ni. Mai ciwon ajali abin da yake so a bar shi ya huta.

Kanwar_Maza
Allah ya jiƙan maigida, Anti. Allah ya raya Ikilima.

DanLauya
Amin. Hajiya, ban musa miki ko ɗaya ba, na sha ganin irinsa a wurin aiki. Abin da kawai zan ce, Isabela ba irin matar da takarda ke ruɗawa ba ce. Tana da nata kwafin dokokin ƙasa, ta yi shari'u bila adadin da maƙwabta da 'yan coci, har da mahaifiyarta. Amma na yarda, sanin doka daban, ƙarfin jiki a daren mutuwa daban.

Malam_Na_Zaure
Mutanen nan ba Musulmi ba ne, ba za a ɗora musu hukuncinmu ba. Amma tun da an tambayi adalcin abin, ga yadda malamanmu na Malikiyya suka duba irinsa. Wanda ke cikin ciwon da ake tsoron mutuwa a cikinsa, ba a hana shi saye da sayarwa, matuƙar hankalinsa na nan kuma farashin na kasuwa ne. Abin da aka taƙaita masa shi ne kyauta: ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardar magada. In ya sayar da rangwame, to rangwamen nan kyauta ce a ɓoye, a cikin sulusi ake lissafa shi. Hikimar ita ce kare magaji, ko da na nesa ne wanda ba a shaƙu da shi ba.

Da a gabanmu aka kawo, tambaya biyu za mu yi: hankalinta na nan? Fam 4,000 shi ne kimar abin? Kuma za mu so mu ji daga bakin shaidun da ba su cin abinci a hannun mai saye.

Hajiya Maman Ikilima, in da bashi na gaskiya ana biyansa kafin rabo, amma tumuninki da rabon yara ba sa faɗuwa don an sa ki sa hannu cikin ruɗani. Ki samu malami ko alƙali a garinku ki zayyana masa.

Zainabu_Tarihi
Allah ya saka, Malam. Maganar shaidu kuwa ka taɓo inda yake ciwo. A 1315 Hugh de Courtenay ya kai kuka gaban majalisa yana neman tsibirin, aka yi bincike. Wanda ya rubuta takardar, Walter Langton, ma'aikacin sarki ne na jiki, yana cikin masu ba da shaida. A cikin lambun gidan ya zauna ya rubuta ta. Bayan cinikin da shekara biyu ya zama ma'ajin Ingila, a 1296 ya zama bishop. Anthony Bek, bishop na Durham, wanda shi ma yana wurin a daren, aminin sarki ne. Shaidu suka ce safar hannun bishop ɗin ta riƙe ta miƙa, alamar ta sallama mallaka. Hugh bai samu tsibirin ba. Sarautar Devon ɗin ma sai a 1335 aka tabbatar masa.

Abu_Hafsat
Mai saye sarki, mai rubutu yaron sarki, shaida abokin sarki, mai bincike kotun ɗan sarki. Ina Malam Lauya?

DanLauya
Ina nan. Kuma zan ƙara maka makami, don gaskiya ta fi ƙarfin ɓangare. Da Abelin ta rasu a 1274, gadon mahaifinta ya rasa magaji na kusa. Sai ga wani John de Eston ya fito ya ce shi jinin gidan ne. Aka karɓi da'awarsa duk da rauninta, a 1278 ya sallama wa sarki komai, aka ba shi filin da ke kawo fam 100 a shekara. Edwad ya iya irin wannan. Ban taɓa cewa shi waliyyi ne ba. Abin da nake cewa, mugun halin mai saye ba ya tabbatar da cewa mai sayarwa ba ta so. Ana iya samun duka biyun a ciniki ɗaya.

Kanwar_Maza
Ni wani abu ne ya ɗaure min kai. Yarinya 'yar 22, ga kuɗi ga ƙasa, me ya hana ta aure shekara 33? Ba ta samu manema ba ne?

DanLauya
Manema kam har da na guje wa. Dalilin a dokarsu yake. Da zarar mace ta yi aure, ƙasarta ta koma ƙarƙashin ikon miji, shi ke karɓar amfani, shi ke shiga kotu. Mace marar miji ce kaɗai ke da hannunta a kan abinta. Matar aure a Ingila ba ta samu cikakken ikon mallaka ba sai da dokar 1882. Bazawara kuma tana cin sulusin ƙasar mijinta muddin ranta, ba mallaka ba, ci kawai, in ta mutu ya koma gidan miji. Da haka Isabela ta haɗa biyu: sulusin gidan miji a arewa, gadon gidan uba a kudu.

Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta ce ba za a tilasta wa bazawara aure ba, muddin ta yi alkawarin ba za ta yi ba sai da izinin sarki.

Zainabu_Tarihi
A takarda ke nan. A aikace, bayan yaƙin Lewes na 1264, lokacin da Simon de Montfort ya kama Sarki Henri ya riƙe mulki, ɗansa Simon ƙarami ya samu izinin aurenta. Sai da ta gudu ta ɓuya a gidan masu zuhudu na Breamore, daga baya ta tsere har Wales. Aka kashe uban a Evesham a 1265, ta samu sa'ida. Ba a jima ba, a 1268, Sarki Henri ya ba ɗansa Edmund izinin aurenta. Nan ma ta zille. Shi ne fa aka ba shi 'yarta.

Maman_Ikilima
Wannan ya yi min ɗaci. Ta tsira, 'yar shekara 10 ta shiga madadinta.

Bazazzagiya
Anti, kar mu yi saurin ɗora mata. Ita ma a shekarun nan aka aurar da ita, kuma auren magajiya irin Abelin a hannun sarki yake, ba a hannun uwa ba. Ni dai matar ta burge ni. Ta tuna min da Sarauniya Amina.

Dan_Maradi
'Yar'uwa, ba su yi kama ba. Amina sarauniya ce mai cin gashin kanta, mai fita yaƙi. Isabela ba sarauniya ba ce, ko da yake mutanen tsibirin kan kira ta haka. Laƙabinta Uwargijiyar Tsibiri, a ƙarƙashin sarkin Ingila take, ta yi masa mubaya'a. Tun wajen 1100 Sarki Henri na Ɗaya ya ba kakanninta wurin. Makaminta alƙalami da hatimi da kotu.

In misali ake nema, ga Katarina Kornaro ta Kuburus, wadda mutanen Venis suka matsa wa har ta sauka ta bar musu tsibirin a 1489. Ga kuma Khadija ta Maldibs, wadda Ibn Battuta ya ba da labarin sarautarta, ya ce umarni da sunanta ake rubutawa amma mijinta waziri ke juya al'amura. Duk inda mace ta riƙe tsibiri, za ka tarar da wani a bakin gaɓa yana jira.

Bazazzagiya
Na karɓi gyara. Amma zille wa ɗan mai mulki da ɗan sarki, ɗaya bayan ɗaya, shi ma jarumta ce.

Talaka_Bawan_Allah
Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Tun ɗazu ana tausayin mai fam 2,500 a shekara. Kuɗin nan daga ina suke fitowa? Daga bayan manoma. Yawancin talakawan gandayen Ingila a lokacin a ɗaure suke da ƙasar ubangidansu. Kwanaki a mako suna aikin gandu ba lada. Za ka aurar da 'yarka, ka biya. Ka mutu, a zo a ɗauki dabbar da ta fi kyau a turkenka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ranar da aka sayar da tsibirin, wa ya tambayi mutanen da ke cikinsa? An sayar da su ne tare da tumaki.

Kuma ku binciki wanda ta damƙa wa lissafinta: Adam de Stratton, mai ba da bashi da ruwa, wanda aka sani da ƙirƙirar takardun bogi. A 1276 ta ba shi muƙaminta na gado a baitulmalin sarki. Da asirinsa ya tonu wajen 1290, an samu tsabar kuɗi sama da fam 12,000 a wurinsa. Ninki uku na kuɗin tsibirin.

Dattijon_Fagge
Ba a mugun sarki sai mugun bafade, in ji mutane. Amma wanda ya ajiye bafade shekara da shekaru ya san halinsa.

Bakano_a_Portsmouth
Akwai ma wata unguwa a Exeter, birnin yankin Devon, mai suna Countess Wear. Ana danganta sunan da ita, saboda shingen da aka yi a kogin Exe wanda mutanen birnin suka yi kuka ya tare musu kifi da jirage, ciniki ya koma tashar Topsham ta gidansu. Magadanta 'yan Courtenay suka ƙarasa toshe kogin. Sai a shekarun 1560 mutanen Exeter suka haƙa magudanar jirage suka kewaye wurin. Ba ta da sanyin hannu in maganar kuɗi ta zo.

Zainabu_Tarihi
Malam Talaka, ba ka ɓata hira ba, ka cika ta. Ban kawo ta don in wanke ta ba. Ko mahaifiyarta Amis ba ta tsira ba. Bayan rasuwar mijin sun zauna tare, suka haɗa kuɗi suka sayi riƙon ƙasar Holderness, inda garken tumakinsu yake. Sai rigima ta ɓarke a kan kuɗin shiga, uwa da 'ya har gaban kotun sarki. An sasanta daga baya, amma ba su sake zama gida ɗaya ba.

Sai dai wannan halin nata shi ne ya sa tambayata ta ƙi mutuwa. Matar da ta kai uwarta ƙara a kan kuɗin gona, ita ce za ta saki gadon kakanninta na kusan shekara 200 a dare ɗaya?

Soja_Mai_Ritaya
Ku dubi taswira. Tsibirin nan shi ya tsare bakin Portsmouth da Southampton. Wanda ya riƙe shi ya riƙe ƙofar kudancin Ingila. A watan Mayu 1293 ma'aikatan jiragen Ingila da na Normandi sun gwabza a teku, a 1294 yaƙi ya tashi tsakanin Edwad da Faransa a kan yankin Gaskoni da ke kudancin Faransa, a 1295 Faransawa suka kai wa Dover hari. Ba sarkin da zai so ƙofarsa ta koma hannun wani gida a irin wannan lokaci. Ban ce ya yi daidai ba, na ce ina ganin abin da ya gani.

DanLauya
Ranka ya daɗe, ko ba ciniki ma da sarkin zai riƙe wurin na ɗan lokaci, tun da Hugh bai kai shekara 21 ba, riƙon maraya kuwa na sarki ne. Abin da Edwad ya nema shi ne na dindindin.

Abu_Hafsat
Kuma komawarsa hannun sarauta bai hana Faransawa sauka a 1377 su ƙona Newport da Yarmouth ba.

Soja_Mai_Ritaya
Sun ƙona garuruwa, amma Carisbrooke ta gagare su.

Kanwar_Maza
Ni fa yanzu na rasa inda zan tsaya. Da safe ina tare da Malam Abu Hafsat. Da na ji batun wasiyya na koma wajen Malam Lauya. Da Anti ta yi magana na dawo.

Bazazzagiya
Ga yadda nake gani. Shekara 17 tana ja masa rai, ba ta ce e ba, ba ta rufe ƙofa ba. Muddin sarki yana sa ran za ta sayar, ba zai taɓa ta da ƙarfi ba. Da ta sayar tun 1276, da ta ƙare rayuwarta 'yar haya a gidan ubanta. Ta riƙe abinta har numfashin ƙarshe, sannan ta saki a ranar da ba zai ƙara yi mata amfani ba. Wanda ya yi asara Hugh ne, ba ita ba.

Maman_Ikilima
Ƙanwata, da na so in yarda da ke. Amma in dabara ce ta shirya, me ya sa sai a lambu aka rubuta takardar, cikin gaggawa, a hannun yaron sarki? Mace mai akawuna da lauyoyi, da ta sa nata sun rubuta tun tana da ƙarfi ta ajiye a akwati.

DanLauya
Wannan tambayar ta fi duk abin da na kawo nauyi, Hajiya. Abin da zan iya cewa kawai, ciwon a hanya ya same ta, kuma mai shekara 56 da ke iya tafiyar Canterbury ba lallai ta ɗauka lokaci ya yi ba.

Abu_Hafsat
To wa ya aika wa mutanen sarki cewa ta kwanta?

Maman_Ikilima
A ina aka binne ta? Kusa da 'yarta?

Zainabu_Tarihi
A'a Hajiya. Abelin tana Westminster cikin sarakuna. Ita kuwa Breamore aka kai ta, gidan zuhudun nan da ta taɓa ɓuya a ciki tana gudun aure. An rufe wurin a 1536, zamanin Henri na Takwas, ginin ya rushe.

Bakano_a_Portsmouth
Breamore ba ta da nisa da mu sosai, tana cikin Hampshire, wajen Fordingbridge. In na gama jarrabawa zan je in ga abin da ya saura a wurin, in ɗauko muku hoto in sha Allah.

Maman_Ikilima
Allah ya ba da sa'a, ɗana. Malam Na Zaure, na tura maka saƙo ta gefe a kan maganar filin nan.